Abin da Ke Kashe Kifayen Baba

Da safe, kafin ta ɗora ruwan shayi, Auta ta tarar da rawayan kifin nan da Baba ke kira Kyaftin kwance a kan yashi, ya ba da ciki sama, ruwa yana kaɗa masa wutsiya kamar mai sauran rai. Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin Baba. Sannan ta ɗauko 'yar ragar kamu ta tsamo shi, ta naɗe a takarda, ta cusa a aljihu kamar wadda ta yi sata.

Ita kanta ba ta san amfanin ɓoyewar ba. Baba ya san kifayensa fiye da yadda ya san jikokinsa.

Akwatin gilashin ya cinye rabin bangon falo. Baba ne ya haɗa shi da hannunsa bayan ya ajiye aikin makanike a jiragen ruwa: duwatsun murjani, yashi fari fat, shuɗiyar fitila a sama, injin tace ruwa a cikin kabad yana gurnani dare da rana. Ruwan gishirin ma da kansa yake haɗawa a bokiti, ya auna, ya sake aunawa. Kowane kifi da sunansa. Har jatan lande guda biyu masu jan baya da dogayen gashin baki farare, waɗanda ke hawa jikin kifaye suna tsince musu datti, ya sa musu Wanzamai. Dokokinsa kuwa kowa a gidan ya haddace: ba a buga gilashi, ba a zuba abinci sai da izininsa, ba a sa hannu a ruwa. Tana ƙarama Auta ta sha ranƙwashi a kan ta ƙarshen.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Da aka sallamo shi daga asibiti ya juya wa duniya baya, ya kwanta yana kallon bango, ba magana, abinci sai an yi da gaske. Likita ya yi nasa, Yaya ya yi faɗa, Gwaggo ta yi kuka, duk a banza. Wata rana ruwan akwatin ya ja baya, injin ya fara zuƙar iska yana tari, sai suka ji murya daga ɗaki, a karkace amma a fili: "Ruwa ya yi ƙasa." Ranar ya yarda aka ɗora shi a kujera mai taya. Tun daga nan Auta ta zama hannuwansa. Shi ya zauna ya ba da umarni, ita ta ɗauki bokiti.

Yanzu ga shi kifayen suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wanzami ɗaya ne ya fara, sai ɗan shuɗin nan mai saurin tsiya, sai mai zanen baƙi da fari. Duk wanda ya mutu, sai Baba ya rage loma.

Ta shiga ta taimaka masa ya hau kujera, ta turo shi falo. Kamar kullum ta zauna a kan ɗan benci, ta ɗora hannunsa na hagu a cinyarta, ta lakato sabon man zafin da Yaya ya kawo kwanan baya daga tafiya, wanda aka ce ya fi na asibiti ƙarfi. Ta mulke yatsun ɗaya bayan ɗaya, da tafin, har gwiwar hannu. Hannun yana da nauyi da sanyi kamar ba nasa ba. Ƙamshin man ya cika falon, mai yaji, har ido yana ruwa.

Baba bai dubi hannun ba. Idonsa na kan gilashi.

"Kyaftin?" ya ce.

"Yana bayan dutse, Baba."

Ya juyo da gefen fuskarsa mai motsi ya dube ta. "Ƙarya ba ta yi miki kyau, Auta."

Ta sunkuyar da kai. Da ta kawo shayi ya ture kofin da bayan hannun dama, a hankali, ba da fushi ba. Da ma fushin ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ta wanke hannunta da sabulu har sau biyu, kamar yadda ya koya mata, ta ɗebi ruwan akwatin a kwalba, ta bar shi da Gwaggo, yayarsa, wadda ke wuni da shi in Auta ta tafi aikinta na laburare.

Da aka tashi ta biya kantin masu kifin ado. Mai kantin, wani mai tumbi da ba ya rabo da tsinken sakace, ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta a haske.

"'Yar Injiniya, yau ma gawa aka yi?"

Ta gyaɗa kai.

Ya rarraba ruwan a ƙananan kwalabe, ya ɗiga wannan magani, ya ɗiga wancan, ya girgiza, ya kara su da katin launi. Ya auna gishiri. Ya taɓe baki.

"Ruwan nan ya fi na kantina lafiya. In da ni kifi ne, gidanku zan nemi haya."

"To me ke kashe su?"

"Akwai farin ƙuraje a jikinsu? Fiffike yana zagwanyewa?"

"Babu. Sai dai su hau sama suna haki, su daina cin abinci, da safe a tarar da su."

"Zafi fa? Wuta tana ɗaukewa?"

"Akwai batir. Zafin daidai yake."

Ya cire tsinken daga baki ya sosa kunne da shi. "To ba ciwo ba ne. Wani abu ke shiga musu daga waje, irin wanda kwalabena ba sa gani. Maganin sauro, turaren fesawa, sabulun goge gilashi, fenti. Wata mata ta taɓa zuwa nan tana kuka, ashe jikanta ne ke ba su madara don su yi ƙiba. Ki sa gawayin tacewa, ki canza ruwa. Ko kuma ki sayi sabon inji, ga wani can ya iso jiya."

"Ka ce ruwan lafiya yake."

"Ruwan lafiya yake, ni ne ba ni da lafiya, ciniki ya yi ƙasa."

Ta sayi gawayin kawai.

A gida ta tarar da Gwaggo a kicin tana yanka albasa. Auta ta daɗe tana juya maganar a baki, don ita ba ta iya tambayar manya ba. Sai da ta wanke kofunan da ba su da datti sannan ta ce, "Gwaggo, ko kina fesa wani abu a falo in na fita?"

Wuƙar ta tsaya.

"Wani abu kamar me?"

"Maganin sauro, ko turare."

"Oho. Yau kuma ni ce mai kisan kifi." Gwaggo ta ajiye wuƙar ta riƙe ƙugu. "Ni da ko atishawa zan yi sai na fita baranda saboda 'ya'yan gwal ɗin ubanki? Kifin da ba a ci, ba a sayarwa, ba ya gaishe ka da safe. Sauro ya gama cinye min ƙafafu a gidan nan, ban taɓa fesa komai ba. Je ki tambayi Injiniyan, ai bakinsa yana aiki in ya ga dama."

"Yi haƙuri, Gwaggo, tambaya ce kawai."

"Tambaya ce kawai," Gwaggo ta maimaita da muryar Auta, ƙasa-ƙasa. Amma da ta koma kan albasar, Auta ta lura ba ta ƙara ɗago ido ba, kuma Gwaggo ba ta saba sakin faɗa da wuri haka ba.

Da yamma Yaya ya zo, da makullin mota a hannu kamar kullum, alamar ba zai zauna ba. Ya ga kwanon abincin Baba yadda aka kai shi haka aka dawo da shi. Ya ja Auta baranda.

"Kin ga yadda ya koma? Wuyan rigarsa ya yi masa yawa."

"Ina nema, Yaya. Zan gano."

"Tun yaushe kike nema? Kullum ya tashi ya ga gawa. Wannan ba jinya ba ce, azaba ce. Na yi magana da mai kantin, zai zo ƙarshen wata ya kwashe abin da ya rage, da akwatin gaba ɗaya. In sa masa babbar talabijin a wurin."

"In aka ɗauke, ba zai ƙara fitowa daga ɗaki ba."

"In aka bari, a gabansa za su ƙare. Wanne ya fi?" Ya sassauta murya. "Auta, ni ma ubana ne."

Ta tsaya tana murza bakin mayafinta har ya shiga mota.

Asabar da Lahadi tana gida. Ta canza ruwa, ta sa gawayi, ta wanke soson injin, ta ciro duwatsu ta duba ko wani abu ya ruɓe a ƙarƙashi. Ta duba wayoyi ko wuta na zuba a ruwa. Ta shinshina abincin kifin, ta zubar, ta buɗe sabo. Baba yana kujera yana bin ta da ido, wani lokaci ya ce "a hankali," wani lokaci ya yi shiru. Zuwa yammacin Lahadi wasu kifaye 'yan biyu masu launin ruwan lemo suka sauko daga sama suka fara wasa, har suka ci abinci. Baba ya sha rabin kofin shayi. Auta ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Ran Litinin da ta dawo aiki, suna sama suna haki.

Ta tsuguna ta leƙa fuskar ruwan daga ƙasa. A ƙarƙashin shuɗiyar fitilar akwai wani maiƙo siriri yana yawo, mai launi-launi kamar wanda ake gani a kwatar gareji. Ta shimfiɗa takarda a kai ta ɗauke, ta kai hanci. Ƙarnin teku ne, sai wani abu can ƙasa da ta kasa kamawa, don duk falon ƙamshin man zafi yake, hancinta ya riga ya saba.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne: in tana gida suna farfaɗowa, in ta fita suna mutuwa.

Washegari da sassafe tana ware kayan wanki ta ɗauki rigar Baba ta jiya. Hannun rigar na hagu ya bushe ƙamas, ya yi tauri, kuma sama da gwiwar hannu akwai wani farin layi da ya zagaye shi. Ta kankara da farce, gari ya zubo. Ta ɗanɗana a harshe. Gishiri. Ta zaro ta shekaranjiya, ta ranar Lahadi, babu komai. Ta tono ta ranar Juma'a daga ƙasan kwando. Ga layin nan.

Ta zauna a bakin bahon wanki, rigar a cinyarta.

Ranar ta shafa masa man kamar kullum, don ba ta san yadda za ta ƙi ba tare da ta faɗi dalili ba. Ta yi sallama ta fita. Ba ta je laburare ba. Ta zauna a matattakalar bene, jaka a ƙafa, maƙwabta suna wucewa suna gaishe ta tana amsawa da kai. Da hantsi ya yi ta hau, ta murɗa makulli a hankali.

An tura kujerar Baba har jikin gilashi. An ɗage murfin akwatin. Baba yana tsaye, abin da Auta ba ta taɓa gani ya yi ba sai a gaban likitan gashin ƙashi, ya dafe bakin kabad da hannun dama, Gwaggo ta tokare shi da kafaɗa tana riƙe da gwiwar hannunsa na hagu. Hannun yana cikin ruwa, yatsun a lanƙwashe, suna lilo.

"Injiniya, bayana zai ɓalle," Gwaggo ke cewa. "Wanzamin naka ya tafi yajin aiki. Mu haƙura."

"Kaɗan," Baba ya ce. "Zai zo."

Jakar Auta ta zame ta faɗi. Duka suka juyo.

Gwaggo ce ta fara magana, da sauri, tana zaunar da shi. "To, ai ga ta nan. Ni da ma na ce ba na son ɓoye-ɓoye. Shi ya sa ni na rantse. Wai kunya yake ji, shi mai doka."

Auta ta ɗauko tawul ta durƙusa ta fara goge hannun. Ba ta iya duban fuskarsa ba.

"Tun yaushe, Baba?"

Gwaggo ta amsa masa. "An fi wata nawa. Wata rana murfin abinci ya faɗa ciki, ya ce in kama masa hannu ya tura shi gefe. Sai ɗan jan abin nan ya hau yatsansa yana tsattsaga. Kawai na ga mutum yana hawaye."

"Na ji shi," Baba ya ce. Kalmomin suna fitowa da ƙyar, ɗaya tana jan ɗaya. "Likita ya soka allura, ban ji ba. Ke kina murzawa, ban ji ba. Shi na ji. Kamar ƙaiƙayi. A nan." Ya nuna gefen babban yatsa.

"Kuma da babu abin da ya same su," in ji Gwaggo. "Wallahi lafiya lau suke, watanni. Shi ya sa da kika tambaye ni ban ga haɗin ba. Hannu ne fa, ba guba ba. Da Wanzami ɗaya ya mutu, ɗayan ya daina zuwa, sai muke daɗewa muna jira."

Auta ta daina gogewa. Tawul ɗin da ke hannunta ya yi santsi. Ba da niyya ba idonta ya tafi kan tebur, inda kwalbar man zafin take a buɗe, rabi ya tafi.

Baba ya bi idonta. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana bin bututu har ya gano inda mai ke zuba. Ya ɗago hannun hagun da na dama, kamar yana ɗaga kayan wani, ya kai hanci. Ya daɗe a haka.

"Ni ne," ya ce.

"Baba, ni na shafa maka."

"Ni na sa." Ya saki hannun ya faɗi a cinyarsa. "Kai ni ɗaki."

Bai fito ba ranar, bai fito ba washegari. Ya koma kallon bango. Auta ta canza ruwa har bayanta ya ƙage, ta zuba sabon gawayi, ta kwashe maiƙon da takarda. Duk da haka ɗaya daga cikin 'yan biyun ya tafi. Saura ɗaya, da wani ɗan toka mai haƙa rami a yashi, da Wanzamin da ya shige ƙarƙashin dutse, gashin bakinsa kawai ake hangowa.

Gwaggo ta kira Yaya ta faɗa masa komai. Ya zo da rana, wannan karon ya ajiye makullin a tebur. Ya ɗauki kwalbar man ya juya ta, ya karanta, ya ajiye, ya share fuska da tafin hannu. Suka shiga ɗakin su uku.

"Baba, ni na kawo man nan," Yaya ya ce.

Baba bai juyo ba. "Kira mai kantin. Ya kwashe. Yau."

Yaya ya dubi Auta. Abin da ya nema ne aka ba shi, amma fuskarsa ba ta nuna ya samu ba. Ya zaro waya.

"A'a," Auta ta ce.

Ita kanta sai da muryar ta ba ta tsoro. Gwaggo ta saki baki.

"Ba za a kwashe ba. Wata da watanni ina ɗaukar bokiti, ni ma ina da haƙƙi a ruwan nan." Ta matsa kusa da gadon. "Da ba mu san dalili ba, sai a kwashe. Yanzu mun sani. In inji ya lalace a tsakiyar teku, ka gano inda yake yoyo, sai ka nutsar da jirgin? Haka kake yi, Baba?"

"Ikon Allah," Gwaggo ta ce. "Ashe akwai harshe a bakin nan."

"Na kashe su," Baba ya ce wa bango.

"Saura uku. Su ba su san wa ya yi ba, yunwa kawai suke ji. Kuma ni ban san yadda ake kwance famfon injin na ƙasa ba, yana ƙara tun jiya. In ka bar ni da shi zan ɓata shi."

Daga falo ana jiyo injin, da wata 'yar ƙara a cikinsa kamar tsakuwa a gwangwani. Auta ba ƙarya ta yi ba. Ta ga kunnen Baba ya kama ƙarar, ta ga yadda ya yi ƙoƙarin ƙin ji.

Yaya ya mayar da wayar aljihu. "Zan tambayi likitan gashi ko dole ne man," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "In murzawar ce mai amfani, a yi ta haka nan."

Sai da aka ƙara kwana biyu, ba a shafa komai ba, kafin Baba ya yarda a fito da shi, wai don famfon kawai. Ya zauna ya ba da umarni a gajarce, Auta ta kwance, ta ciro wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ya maƙale a ciki, ta mayar. Ƙarar ta ɗauke. Ya ce a mayar da shi ɗaki.

Maimakon haka ta kawo roba da ruwan ɗumi. Ta naɗe masa hannun riga har kafaɗa. Ta wanke hannun, ta bi ƙarƙashin farce da ɗan buroshi, ta ɗauraye, ta zubar, ta sake ɗaurayewa, ta kuma ɗauraye da ruwan da ta ɗebo daga akwatin. Ta shinshina tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙa wa Gwaggo ita ma ta shinshina.

"Ƙarnin tsoho kawai," in ji Gwaggo.

Baba bai yi dariya ba, amma bai janye ba. Yaya, da ya zo dubiya, ya kama shi ta dama, Auta ta shiga ƙarƙashin kafaɗar hagu, suka miƙar da shi. Ya fi yadda take zato rashin nauyi. Ta ɗaga hannun ta zura shi a ruwa a hankali, har yatsun suka kusa dutsen.

Suka jira. Ɗan ruwan lemon ya gudu ƙurya. Farin gashin bakin nan ya motsa a bakin ramin, ya leƙo, ya taɓa ruwa, ya koma. Ƙafar Baba ta fara rawa, Auta tana jin rawar a haƙarƙarinta. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wanzami bai fito ba.

"Ya isa," Yaya ya ce a hankali.

Suka zaunar da shi. Auta ta goge hannun, tana jiran ya ce a kai shi ɗaki, ko ya ce a kira mai kantin. Baba yana ta kallon ƙarƙashin dutsen, yana mayar da numfashi.

"Fushi yake," ya ce. "Yana da gaskiya."

Yaya ya mayar da murfin akwatin.

"Gobe kafin ki fita," ya ce wa Auta, "ki wanke min shi da wuri."